Maganin da aka yi da huhun saniya

Zuwa ga Maame,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta lafa. Mu dai a nan Kumasi sai addu'a. Frimpong na kwance, inji ke yi masa numfashi, murar nan mai kisa ta cinye masa huhu. Likita ta ce akwai wani maiƙo da ke hana huhun mutum mannewa, nasa ya ƙare. Suna gwada wani magani da ake ba jariran da ba su isa haihuwa ba, a hura shi kamar turiri ta bututun da ke maƙogwaronsa. Amma sai ni matarsa na yarda.

Maame, daga huhun saniya ake haɗa shi. Kin san gidan ubansa ba sa taɓa saniya tun kakanni. Mutumin da ko ludayin miyar nama aka tsoma a fufunsa sai ya ture kwanon. Na ce a ba shi, ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji.

'Yarki,
Pokuaa

Maame tawa,

Ina gaishe ki, ya jikin? An hura masa sau biyu, leɓensa ya daina yin baƙi. Yayarsa Serwaa ta iso daga ƙauye, kin san bakinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amaryarmu, miji a kwance ke kuma sai ƙiba?" Na yi dariyar dole. Yanzu ta liƙe wa wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinsu, tana kai mata gasasshiyar ayaba, tana tambayar me ke cikin turirin nan. 

Pokuaa

Maame,

Gaisuwa, ki yafe gajartarta. Ma'aikaciyar jinyar nan ta faɗa wa Serwaa, ba da mugun nufi ba, ita a ganinta abin burgewa ne. Washegari zazzaɓi ya dawo wa Frimpong. Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce daban ta shiga, amma wa zai saurare ta? Ƙanin ubansa ya zo, na durƙusa na gaishe shi, ya kalli bango. Serwaa ta ce, "Kin ɗura wa ƙanina abin da bai taɓa ci ba yana kwance ba baki. Ki jira."

Yau da safe ta aiko mini baƙin zanen makoki a leda, alhali mijina na da rai.

Saura hurawa ɗaya. Likita ta ce ina iya cewa a tsaya. Na ce a ba shi. Idan ya mutu, ni na kashe shi a wurinsu. Idan ya tashi, wallahi ban san da wane ido zai dube ni ba, amma gara ya tashi ya sake ni. Ki zo ki tafi da yaranmu kafin Lahadi.

Taki,
Afia Pokuaa