Garar Hadiyya

Garin Isa, ranar Laraba

Zuwa ga yayata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Alhaji da ciwon ƙafarsa? Ya yara, ya zafin Sakkwato? Kada ki yi dariyar rubutuna, kin san rabona da biro ya daɗe. Tun da aka yanke muna sabis wayata ta koma fitila, dole na koma ba Maliki direba takarda.

Yaya, an ɗaga bikin ɗiyarki Hadiyya. Na san kin ji a bakin mutane, amma gara ki ji a nawa. Angon, Hafizullahi, ya taso daga Sabon Birni zai kawo wa babanta Malam katin gayyata, mutanen daji suka tare motarsu suka shige da su. Har yau shiru, babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Ranar da labarin ya iso muna tsakar gida muna tuyar cincin da dubulan. Ban san wanda ya sauke kaskon ba.

Yanzu ga ni ga gara, ta cika ɗakin ƙurya har ƙofa. Shekara biyu ina tara ta da cinikin ƙuli-ƙuli. In na samu, in sayi katan ɗin taliya. In na ƙara samu, in sayi tumatirin gwangwani, ko madarar gari, ko jarkar mai, ko fulawa. So nake ranar da za a kai ɗiyata dangin miji su rasa abin faɗa.

Sai ga maƙwabciyata Sadiƙa ta shigo jaje. Kin san ta, bakinta na jaje idonta na ƙirga kayan mutane. Ta leƙa ɗakin, ta duƙa kan katan ɗin madara, ta nuna mini wasu lambobi ƙanana kamar sawun kiyashi. Wai wa'adin kayan ke nan, wata da shekara, in ya wuce sun yi esfaya, kuma wai na madarata ƙarshen watan nan ne. Ta faɗa da murya mai laushi, irin wadda ta fi zagi ciwo. Na ce mata ni da hanci da harshe aka koya mini sanin abinci, ban taɓa jin uwarmu ta tambayi daddawa ranar haihuwarta ba.

Amma tun da ta fita hankalina bai kwanta ba. Malam kuma ya samu abin riƙewa, wai a fara ci kafin a yi asara, in Allah Ya dawo da yaron a sake saye. Da me? Kuma ba wannan ba ma. Ni a ganina duk ranar da na yanka katan ɗin farko, na yarda ke nan ba zai dawo ba. Na sa wa ɗakin kwaɗo, na ɗaure mabuɗin a bakin zane.

Don Allah ki tambayar mini ɗanki Is'haƙa, tunda a kanti yake aiki. Lambar nan gaskiya ce? Abinci yana sanin rana ya mutu a cikinta, ko wayon masu kamfani ne don a zubar a sake saye?

Hadiyya ba ta kuka, kuma shi ya fi damuna. Ku taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Basira

*

Isa, ranar Asabar

Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da Alhaji da yara. Takardarki ta iso, da man shafawar da kika aiko, Allah Ya bar zumunci.

Na ji abin da Is'haƙa ya ce: busasshen kaya irin taliya da sukari sukan wuce wa'adinsu in ba su ji laima ba, gwangwani kuma a duba in ya kumbura ko ya yi tsatsa a zubar, madara ita ce ba a wasa da ita. Ki ce masa na gode. Ke kuwa da kika ƙara da cewa in bi maganar Malam, na ga kun haɗe mini kai. Tun muna yara haka kike, in ana faɗa da ni sai ki koma bayan mai gemu.

To bari ki ji yadda kayan suke yi da ni. Fulawar da lambarta ta ce sai baɗi, ita ta fara cin amanata. Na ɗaga buhun na ga ƙwari suna yawo a bakin ɗinki kamar sun biya haya. Cincin da dubulan, da babu mai rubuta musu komai, sun yi warin tsohon mai, har awakin Sadiƙa sai da suka shinshina suka yi tunani. Madara kuwa watanta ya wuce, gwangwanin na nan fes, ko ƙura bai yi ba. Ga geron Malam can a rumbu a Kamarawa, damina uku yana zaune a zangarniyarsa lafiya lau, sai dai babu mai iya zuwa ya ɗebo. Ki gaya mini wa za ni gaskata.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na koma auna yaron nan da lambobin. Na ce a raina zai dawo kafin wa'adin madara. Watan ya mutu bai dawo ba. Sai na matsa zuwa na tumatir. Ina sallah lissafin yana shigo mini, in yi ta istigfari. Ba na iya zama wuri ɗaya, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa ƙofar gida in dawo, in buɗe ɗakin in rufe. Shekaranjiya na manta kwaɗon a buɗe, da na dawo na tarar Hadiyya ta juya duk katan-katan ɗin, lambobinsu sun fuskanci bango.

Ƙanwar Malam ta zo ta zauna mini a kan tabarma tana zagaye-zagaye, wai ba a barin yarinya tana jiran abin da ba a san ranarsa ba, wai akwai wani ɗan ƙawarta mai shagon siminti. Kamar ita ma Hadiyya an buga mata lamba a goshi. Na ba ta ruwa ta sha, na nuna mata inda ta ajiye takalmanta.

Yaya, tsoro nake ji. Mahaifiyar Hafizullahi, Hajiya Maryamu, an ce ta rame har ba a gane ta.

Taki,
Basira

*

Isa, ranar Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa. In kin karanta wannan ki sa ta a murhu, na ce wa Maliki ya ba ki hannu da hannu.

Hafizullahi yana da rai. Wani dattijo da aka kama su tare an sako shi da saƙo. Dangin Hafizullahi sun sayar da gonarsu sun haɗa abin da aka nema, sai mutanen suka ce saura abinci, tunda an rufe kasuwanni su ma yunwa na cin su. Taliya suke so, da mai, da tumatir, da madara, da sukari. Kai ka ce sun leƙa ɗakina.

Hajiya Maryamu da kanta ta biyo ayarin motoci ta zo. Ta zauna tana murza bakin mayafi. Matar da ya kamata in kai wa kayan nan da guɗa, ita ce a gabana tana jin kunyar roƙonsu. Ban bari ta faɗa ba, na kwance mabuɗin na miƙa mata.

Sai dattijon, da ya rako ta, ya ƙara da wani mugun labari. Wai a cikinsu akwai mai karanta jikin katan. Sun ɗauka duk kayan da aka buɗe ko wa'adinsa ya wuce, guba aka aiko musu. A gabansa aka kawo wa wani bawan Allah irin haka, suka mayar da kayan, shi kuma abin da suka yi masa ba za ni rubuta ba.

Ni da na gama cika baki a kan hanci da harshe, sai ga ni durƙushe a ƙasa, Hadiyya na juyo da katan tana karantawa, ni ina warewa, na dama mai rai, na hagu matacce. Madara duka ta tafi hagu. Rabin tumatir ya bi ta, da taliyar da na fara saye. Na san lafiyarsu ƙalau, da za ni dafa a ci a tashi. Amma wa za ni yi wa wannan bayani? Ga kasuwa a rufe, ga shagunan unguwa sun zama kango.

Ban san wa ya kai wa Sadiƙa labari ba. Sai ganin ta na yi ta shigo da katan a ka, tana nishi, ta dire. Garar da take tara wa tata ɗiyar ce, sabuwa dal. Ta ɗauki mataccen nawa ta aza a ka, ta ce su a gidansu ba a karatu kafin a ci tuwo, kuma in na kuskura na yi mata godiya za ta fasa. Kafin la'asar mata sun yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ashe duk unguwar nan kowace uwa da irin ɗakina. Na yi kuka har Sadiƙa ta ce in matsa kar in jiƙa mata kwali.

Da safiyar yau kawun Hafizullahi ya ɗaure kayan a babura biyu. Na sake duba kowane katan sai da Malam ya janye ni. Duk da haka zuciyata na ce mini akwai wanda ya kuɓuce muna. Akwai jarkar mai guda da lambarta ta goge rabi, mun yi ta gardama, a ƙarshe muka saka. Tun da suka tafi ita kaɗai nake gani.

Ki sa Alhaji ya sa almajiransa na gida da manyan unguwa su yi muna addu'a. Ban iya cin komai ba.

Basira

*

Isa, ranar Lahadi

Zuwa ga yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya Alhaji, ya yara? Yau kam za ni gaishe ki a tsanake.

Alhamdu lillahi, ya dawo. Sun riƙe kawun nasa kwana biyu kafin su sako su tare, kwana biyun da ba na fatan maƙiyina ya gani. Na je Sabon Birni na gan shi da idona. Yaya, in ba don muryarsa ba da na wuce shi. Ƙafafunsa duk sawun sarƙa, kunu kaɗai cikinsa ke karɓa, shi ma da cokali. Ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya ce in yafe masa ya cinye mini gara tun kafin a ɗaura. Ko loma ɗaya ba su ba shi ba. Ya ce akwai mutanen da ya baro a can.

Na so a jira ya murmure, ni ma in ɗan sake tara wani abu, don ban taɓa jin an kai yarinya hannu rabbana a danginmu ba. Na fara wannan zance ke nan Hadiyya ta ɗago ta dube ni. Yarinyar da ba ta taɓa musa mini ba ta ce ita ba za ta ƙara jiran komai ba, ko cokali ne ita za ta riƙa ba shi kunun. Malam ya yi gyaran murya ya fita, na san dariya ya je yi. Hajiya Maryamu kuma ta aiko cewa duk wanda ya ambaci gara a gidanta ita da shi ne.

Juma'ar nan za a ɗaura. Ba ni da cincin, ba ni da ko gwangwani ɗaya da za ni nuna wa mutane, kuma wallahi barci nake har da minshari. Ki biyo Maliki ranar Alhamis da ayarin safe, kada ki tsaya sayen komai. Na share ɗakin ƙurya na shimfiɗa tabarma, a nan za ki kwana.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Basira