Ba Kaka Amadu Ne A Hoton Ba

Bodinga, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Khalid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ilham da yara, ya sauƙaƙa maka aikin asibiti da sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An yanke gero, ya yi kyau bana, ban da gonar fadama da ruwa ya kwanta a cikinta. Maigidana Malam Ubaidullahi ya shiga dashen albasa, tun safe ba a ganinsa sai la'asar. Safinatu ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Ummukulthum. Na zaɓi in rubuta maka da hannuna ne don in muka hau waya kana katse ni, ni kuwa maganar nan ina so ka ji ta har ƙarshe.

Maganar hoton da ka turo mini ce, wanda ka gani a ɗan gidan tarihin gundumar da kake zaune, inda suke tunawa da rundunarsu ta sojojin ƙasa. Na duba shi ya fi a ƙirga. Ga hafsan Baturen da aka aro daga rundunar ya jagoranci mutanenmu a yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zaune kan kujera, ga baƙaƙen sojoji tsaye a bayansa. Ka ce an rubuta sunansa da garin da aka haife shi, har da sunan karen da ke kwance a gabansa, su kuwa na bayan an ce sojojin Afirka kawai. Ka ce na biyu daga dama shi da marigayi Babanmu kamar an tsaga kara, don haka lalle Kaka Amadu ne, kuma jikar Baturen, wadda ke kula da wurin, tana son sunan kafin taronsu na tunawa da sojoji a watan Nuwamba. Ni ma da na duba na ga kamannin. Amma ka san ina ƙarama Kaka ya rasu, kai ko haihuwarka ba a yi ba, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.

Shi ya sa na shiga mota na tafi Shagari wurin Goggo Kulu. Khalid, Goggo ta tsufa ƙwarai. Yanar ido ta rufe mata gani, sai da na yi magana ta gane ni. Na sa mata wayar a hannu, ta kai ta dab da fuska, ta juya, ta ce ita duhu kawai take gani. Sai ta tambaye ni ko mutumin yana da bille a kuncin hagu, don mahaifinta yana da shi, dogo, tun daga gefen hanci. Na buɗa hoton har fuskar ta cika wayar. Kunci sumul, babu ko ƙwarzane. Na gaya mata. Sai ta ce to ba shi ba ne.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne Baffa Maniru. Yana zaune a wurin, ya san billen nan sarai, ubansa ne. Amma ya ce mu ce shi ne kawai, wa zai gane a Ingila, ai sunan gidanmu ne zai ɗaukaka. Na tambaye shi ina lambobin yabon Kaka da akwatin ƙarfensa, don in tura maka hotonsu. Sai ya hau kame-kame. Goggo ce ta faɗa mini gaskiya: shekarar da ya rushe ɗakin Kaka a Dandin Mahe ya yi rumbun albasa a wurin, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ya bai wa akwatin da duk abin da ke ciki. Wallahi don dai babba ne na haɗiye abin da ya zo bakina. Mutumin da ya zubar da kayan ubansa na gaske, shi ne yau yake son a liƙa sunan uban a fuskar wani.

Bayan ya fita Goggo ta saki baki, na kunna waya na ɗauki muryarta. Ta ce Kaka bai cika ba da labarin yaƙi ba. Abin da suka sani shi ne ba ya cin shinkafa har ya bar duniya, kuma in hadari ya haɗu kowa na murna, shi sai ya shige zaure ya zauna ba ya magana. Sau ɗaya ya gaya mata yadda abokinsa Zayyanu na Lambara ya mutu: suna ƙetare wani kogi da kaya a ka, ruwa ya ja shi, Kaka ya kama hannunsa ya suɓuce. Ta ce kullum bayan sallar asuba sai ya jero sunayen waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, yana nema musu gafara, har ita ma ta haddace. Na ce ta faɗa mini. Ta kawo Zayyanu, ta kawo Abdullahi Dogo, ta kawo wani Sadiƙ, daga nan ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai ta fashe da kuka, ta ce sauran sun gudu daga kanta.

Washegari na wuce Lambara neman dangin Zayyanu. An karɓe ni da mutunci, an ba ni fura, amma ba wanda ya san shi. Wani dattijo ya ce kamar ya taɓa jin gidan, sun tashi tun da daɗewa, bai san inda suka nufa ba. Samarin da ke zaune a bakin kasuwa kuwa, da na ce yaƙin Bama, sai suka ɗauka Bama ta Borno nake nufi. Na dawo Bodinga raina a ɓace. Su can sun sassaƙa sunayen nasu a dutse, kowace shekara suna taruwa su karanta. Namu sun tafi yaƙin da ba nasu ba, waɗansu sun dawo waɗansu ba su dawo ba, can ba a rubuta su ba, nan ma mun bari sun salwanta. Ban san wa zan fi jin haushi ba, su ko mu.

Kai ma ban ƙyale ka ba. Da na gaya maka a waya babu bille, ka ce ai kamannin sun isa, dama irin wannan ba ta dawowa. Haba Khalid. Mutumin nan yana da uwa da uba, wataƙila jikokinsa na nan wani gari suna neman labarinsa kamar yadda muke nema. An riga an bar shi ba suna, mu kuma mu zo mu rufe shi da na wani? Ban yarda ba, Goggo ma ba ta yarda ba. Ka gaya wa jikar Baturen gaskiya. In da gaske suke son tunawa, zan tura maka muryar Goggo ka fassara musu, su karanta sunan Amadu na Dandin Mahe da na abokansa da suka rage mana, ko da babu hoto. In sun ce sai da hoto, su riƙe abinsu.

Sannan ka zo gida. Kullum kana cewa baɗi, Goggo kuwa ba ta da ƙarfin jiran baɗi. Ta ce in gaya maka ka wanko hoton babba ka kawo mata ta ajiye a ɗakinta, ko ba ta gani. Tun ranar da na je ta sa mutumin cikin addu'arta ta asuba. Da yake ba ta san sunansa ba, ɗan mutane take ce masa.

Malam Ubaidullahi yana gaishe ka, haka Safinatu da maigidanta, da Nana Hauwa. Ka gaishe mini da Ilham da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Basira.