Alewar Riɗin da Ba a Miƙa Ba

Thane, 16 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Sulbha,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata ke da mijinki Hemant kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, tsufa ya kama hannun.

Shekara goma sha ɗaya rabona da ke, tun ranar da kuka fara matse inabin gonar kakanki kuna yin giya, ni kuma na dafa carbin ziyarar ibada ta Pandharpur da ke wuyana, wanda mai shi ba ya kusantar giya, na rantse ba zan ƙara taka gonar ba. Shekaranjiya na taka ta.

Gidan tsofaffin da nake zaune ne suka kwashe mu a bas zuwa Dindori, yawon bikin Sankranti. Da asuba muka tashi, kowa ƙudundune cikin mayafi, an raba mana alewar riɗi ta bikin. Ban san wurinku za a tsaya ba sai da na hango tsamiyar bakin hanya. Na ce zan jira a mota. Pinto, abokin ɗakina, ya ja hannuna yana cewa, "Malam, sauko mana, inabi ba ya cizo. Ni in sha rabonka, kai ka kwashi ladan."

Na sauka. Ana ta kiɗa, sama ta cika da jiragen takarda masu zare, sai ga ki cikin baƙin sari na bikin kina zuba wa baƙi abin sha. Furfura ta fito miki daidai inda ta fito wa mahaifiyarki. Kin san al'ada, babba ke miƙa wa ƙarami alewa ya ce, karɓi zaƙi, mu yi magana mai zaƙi. Na riga na sa hannu a aljihu. Muka haɗa ido, kika ajiye kwalba, kika shige gida.

Sai na ce wa shugabar tafiyar ƙirjina na ciwo. Aka tattara kowa aka juyo, ko abinci ba a ci ba. Pinto bai bar zagina ba har Thane.

Ban ga laifinki ba. Na so dai ki san ba da faɗa na zo ba.

Mahaifinki,
Madhukar

Dindori, 23 ga Janairu

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka don gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ba gudunka na yi ba. Tun safe nake zuba giya, ta jiƙa mini hannu har gwiwa. Ta yaya zan taɓa ƙafarka da wannan hannun, kai da ko kofin da aka taɓa zuba ta a ciki ba ka ɗauka? Wanka na shiga yi. Na cuɗa hannuna da sabulu sau uku, na sauya sari, na ɗora maka shayi marar sukari. Da na fito, Hemant ya ce motar ta riga ta sha kwana.

Har yanzu halinka na nan, Baba. Ka yanke hukunci kafin ɗalibi ya buɗe baki, kamar lokacin da kake koyarwa.

Ina so in zo. Amma ka sani ba zan bar wannan sana'a ba, ita ke riƙe da gida talatin a nan. Kuma an fara yankan inabi, ba zan samu kaina ba sai ƙarshen Maris. In na zo, ƙamshin zai biyo ni, ko sau nawa na yi wanka.

'Yarka,
Sulbha

Thane, 30 ga Janairu

Sulbha,

Albarka gare ki. Pinto ne ke rubuta wannan, ni ina kwance ina faɗa masa. Ya ce in gaya miki mahaifinki jaki ne, ban musa ba.

Ciwon ƙirjin da na yi ƙaryarsa ya zo da gaske ranar Talata. Likita ya zo sau biyu, yana yawan murmushi, ban yarda da shi ba.

Ki zo yadda kike, ko daga wurin matsa kika fito. Amma kada ki jira ƙarshen Maris.

Mahaifinki,
Madhukar