Kwanan da Babu Kwana Cikinsa

Zuwa ga Alhaji mai motocin kai albasa Kudu daga Aliero,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafin bana? Ni ce Kulu ta Jega Firchin, kakar Sani direbanka, wanda nake kira maigidana tun yana cikin tsumma. Na aika maka a asirce har na gaji, shi ya sa na fito da maganar fili. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, motarka ma ta karkace.

Na ɗaya. Ka faɗa wa ɗan aikena wai duk direbanka da ya dawo daga Kudu kana ba shi kwana ɗaya a gida. Alhaji, nan aka yanke maka cibi. Ka san mu nan in an ce mutum yana kwana, barci yake yi, ido rufe, baki buɗe. To kwanan da kake ba Sani babu kwana cikinsa. Yana sauka za a ce ya kai mota wurin makaniki, daga can ya tsaya kan lodi kada a cusa masa ruɓaɓɓiya, kafin la'asar an ɗaure tamfol. Rannan na aje masa tuwo, ya yanko loma, hannu ya tsaya tsakanin akushi da baki. Na ce to, yau na auri gunki.

Na biyu. A farkon kakar albasar bana, da rana tsaka, ya yi kwana a kan kwana. Wannan lanƙwasar ta gaba da Maiyama nake nufi. Hanya ta juya, shi bai juya ba. Mota ta kutsa gonar mutane, rairayi ya riƙe ta, buhuna suka fashe, mutanen Karaye suka yi ta tsintar albasa har da awakinsu. Ya tsira da giɓi a baki da ɗinki a goshi. Ina yi masa tsiya ina cewa ni ba ni zama da miji mai wawulo, amma wallahi tun daga wannan ranar zama ya gagare ni. In na ji ƙahon babbar mota sai in tsinci kaina a zaure, zane a hannu. Carbi nake ja, ban san inda na tsaya ba. Ɗinkin bai warke ba ka miƙa masa makullin wata motar.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Sani da kansa ya ce ka kafa doka: in inji ya yi zafi a tsaya, a ba shi ruwa, a jira ya huce. Albasa ma in an cire ta sai an shanya ta ta sha iska kafin ta shiga buhu. Ƙarfe yana da hutu, albasa tana da hutu, ɗan mutane sai goro da baƙin shayi. Tun da aka yanke mana jiharmu ta Kebbi kasuwa ta buɗe, ka ƙara motoci, Allah Shi ƙara. Direbobi fa?

Ga roƙona. Tafiyar Kudu ta zama ta direba biyu, wannan ya ja, wancan ya kwanta. Wanda ya dawo kada ya taɓa sitiyari sai ya yi kwana irin namu, ba irin naka ba. A samu wani ya tsaya kan lodi da gyara. Wanda kuma ya ce idonsa ya yi nauyi ya faka gefen hanya, kada a kira shi rago.

In ka ƙi, ga sanarwa tun yanzu. Ranar da Sani ya sauka zan sa shi ɗakina, in ja ƙyaure, in shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa. Mai son ya tashe shi sai ya tsallake ni. Ka zo da kanka, in ga ko ka iya tsallake sa'ar uwarka.

Allah Shi yi wa dukiyarka albarka, Shi tsare motocinka da waɗanda ke cikinsu, Shi sa kada wata tsohuwa ta karɓi gaisuwa saboda albasarka.

Wassalam.

Kulu, kakar Sani direba,
Jega Firchin.