Jarkoki Uku Masu Jan Fenti

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina mai da hankali ga abin da ya kai ki.

Na ga jan fentin da kika shafa wa jarkokin ruwan shanmu kafin ki koma makaranta. Wato don malamar kimiyya ta sa ki a ƙungiyar kula da muhalli, kin fi uwarki sanin tsafta? Tun ba a haifi malamar taki ba nake sake amfani da kaya, ko gwangwani ban taɓa yarwa ba. Jarkokin nan daga shagon kayan gona babanki ya kawo su, kowacce sau uku na wanke ta da sabulu. Ni ma na yi sakandare.

Auta ba ta jin daɗi, kwana biyu tana amai, yawu na zuba. Ki yi mata addu'a, ki rage iyayi.

Mahaifiyarki.

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Cikin gaggawa nake rubuta miki. Ba a barinmu da waya, shi ya sa na roƙi direban makaranta ya kawo miki wannan yau.

Ranar da na shafa fentin na fara yi miki bayani, kika ce in rufe miki baki. Malama ta koya mana cewa roba tana shan maganin ƙwari, sabulu ba ya fitar da shi. Ba kowane abu ake sake amfani da shi ba. Ki kifa jarka ɗaya ki duba gindinta, akwai hoton ƙoƙon kan mutum.

Don Allah kada kowa ya ƙara sha. Ki kai Auta asibiti, ki tafi da jarkar likita ya gani. Ko dukana za ki yi in na dawo, na yarda.

'Yarki mai biyayya.

'Yata,

Ina gaishe ki daga asibiti, kwananmu uku. Na kifa jarkar, na gani. A ka na ɗauko ta har gaban likita, mutane na kallona. Ya ce wa ya ba ni wannan shawara, na ce 'yata.

Yau Auta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Na tsaya da kofi a hannu na kasa miƙa mata, sai ma'aikaciya ce ta karɓa ta ba ta. Likita ya ce sai jibi zai iya cewa wani abu.

Na huda jarkokin da wuƙa kada wani ya tsinta. Ki tambayi malamarki inda ake kai irinsu, ki ce ina gaishe ta.

Rubutunki ya lalace, ki gyara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.