Ungozoma Mai Lamba Huɗu

Zuwa ga ɗana Sarkin Lissafi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da matarka da yara. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin tsawaita ta.

Jiya Babban Likita ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a asibitin nan bai taɓa ba ni kujera ba, sai na san ba alheri. Ya miƙo mini wani rahoto mai bango shuɗi, ya ce bincike ya nuna a duk haihuwa ɗari da ta bi ta hannuna, goma sha takwas suna ƙarewa da matsala, ta sauran ungozomomi kuwa biyar kacal. Wai daga ƙarshen wata za a ɗauke ni daga ɗakin haihuwa a mai da ni sito, in riƙa ƙirga auduga da safar hannu.

Na ce, "Likita, wane marar aikin yi ne ya rubuta wannan?" Ya buɗe shafin ƙarshe. Sunan ofishinku ne, a ƙasa kuma sa hannunka, mai jelar nan da kake ja wa tun kana aji biyar.

Ni ka auna? Ni da na yi maka wankan farko? Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga banɗaki. Ka rubuto ka gaya mini abin da na yi maka.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya huci zuciyarki.

Wallahi ban san ke ce ba. Asibitin ya ɗauki ofishinmu aikin, aka aiko mana da alƙaluma babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Abin da na sani kawai "Ungozoma mai lamba huɗu". Da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a ƙasa.

Amma Goggo, ki yi haƙuri in yi bayani, ba son rai aka bi ba. Hanya biyu muka bi. Ta farko, an kwafo mana rajistar shekara guda, haihuwa dubu da ɗari biyu, muka duba sakamakon kowace da lambar wadda ta sa hannu. Ba a tsallake ko ɗaya ba. Ta biyu, an raba wa matan da aka sallama takardar tambayoyi ɗari uku. A cikin waɗanda suka amsa, fiye da rabi sun ce mai lamba huɗu tana da tsawa. Tazarar goma sha takwas da biyar ta yi girman da ba za a ce dace ne ba.

Hanyar da za ta fi wanke ki ita ce gwaji. A yi wata uku ana raba masu naƙuda da ƙuri'a, kowace ungozoma ta riƙe wadda ta faɗo mata har ƙarshe, ba mai sa wa wata hannu. Nan gaskiya za ta fito fili. In kin yarda zan kai wa Babban Likita shawarar.

Ki gafarce ni. A gaida mutanen gida.

Ɗanki mai biyayya

*

Kai Sarkin Lissafi,

Amin, wa alaika. Na karanta bayaninka sau biyu, na biyun ya fi ba ni haushi.

Ƙuri'a! A kan mata masu naƙuda! Wato mace tana zubar da jini, yarinyar da ta fito makaranta bara tana kanta ita kaɗai, ni kuma in harɗe hannu a bakin ƙofa saboda takarda ba ta faɗo kaina ba? In matarka ce a gadon, za ka yarda a kaɗa gwangwanin ƙuri'a? Kada ka sake ka kai wa kowa wannan shawarar, don za su iya karɓa.

Yanzu bari in koya maka rajistar da ka ƙirga ba ka taɓa gani ba. A kan teburin bakin ƙofa take, kusa da sikelin jarirai, an ɗaure biro a jikinta da zaren bandeji. Kowace mace layi ɗaya. Gurbin sa hannu kuma ɗaya ne tak, a ƙarshen layi, kuma wadda jariri ya sauka a hannunta ita ke sa wa.

To wa kake jin ake kira idan abu ya ɓaci? Mu shida ne, huɗu duk a haife na haife su. Haihuwa in tana tafiya sumul ba mai nemana, ni ma ba na so, su koya. Amma jariri ya zo ta ƙafa, ko jijjiga ta kama uwa, ko jini ya ƙi tsayawa, sai ka ji, "Mama! Mama, gado na uku!" In ajiye abin da ke hannuna in ruga. In gama, in wanke hannu, in sa hannu. Makon jiya aka kawo wata a bayan mota, kwana biyu tana naƙuda a gida. Ɗaya daga cikin yaran, wadda muke ce wa Doguwa, ita ta karɓe ta, ta leƙa sau ɗaya ta ƙwala mini kira. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. A lissafinka ni na kashe shi.

Kamar ka je wurin bakanike ne ka ce kowace mota a garejinsa matacciya ce, don haka shi ke lalata su.

Takardun tambayoyinka kuwa, ɗari uku ka ce an raba. Nawa suka dawo? Ba ka faɗa ba, ni zan faɗa maka, don a kwalin sabulu aka tara su a gabana: arba'in da ɗaya. Wadda ta haihu lafiya ta naɗe jaririnta ta tafi, takardar ma a ƙarƙashin filo muke tsintar ta. Wadda ba ta iya rubutu ba ba ta cika ba. Tsawa kam ina yi, ban musa ba. Macen da ƙarfinta ya ƙare, kan jariri ya tsaya a hanya, ba lallashi ake yi mata ba.

Ka ce ba a tsallake ko ɗaya ba. Ka ƙirga kowa daidai, ɗana, tambayar ce ka sa a gurguje. Ka ɗago daga kujerar nan ka zo ka ga littafin da idonka.

Ubanka ya zo ba ni haƙuri, na ce ya koma, ba da shi nake ba.

Goggonka, mai lamba huɗu

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Na zo ranar Talata kina ɗakin tiyata, ban jira fitowarki ba don kunya.

Awa biyar na yi a kan teburin nan. Kin yi gaskiya, kuma abin ya fi yadda kika faɗa. A layukan da kika sa wa hannu masu matsala, kusan takwas cikin goma rubutun farkon layin ba naki ba ne. Wata ce ta rubuta sunan mace da lokacin zuwanta, ke kika rufe. Wanda ya kwafo mana alƙaluman gurbin ƙarshe kawai ya ɗauka, ni kuma ban tambaya ba. Laifina ne. Na so in ware matan bisa halin da suka iso a ciki, in kwatanta mai wuya da mai wuya, amma rajistar ba ta da gurbin wannan.

Na shiga wurin Babban Likita na ce rahotona ba ya tsayuwa, ina janye shi. Ya ce ya riga ya kai wa hukumar asibiti, ba zai koma ya ce musu babu mai laifi ba. In ba ke ba ce, in kawo sunayen waɗanda suke fara aikin su kasa. Na ce kiran na gaba ba kasawa ba ne. Ya ce in rubuta hakan a ƙasan sunayen.

Ga hotunan shafukan na haɗo. Ni ban san rubutun kowa ba, ke kin sani. Ki rubuta suna a gefen kowane layi kafin Juma'a, ki tsira daga zuwa sito. Don Allah, Goggo, ki bar ni in gyara abin da na ɓata.

Ɗanki

*

Ɗana,

Na gode da ka zo. Na yafe maka, har cikin raina.

Ga hotunanka na mayar, ban rubuta komai ba. Na san kowane rubutu kamar fuskar mai shi. Amma ranar da yaran nan suka ji cewa kiran Mama yana shiga takarda da sunansu, za su daina kira. Za su tsaya su ƙara gwadawa na minti goma. Kai ka san lissafi, ni na san abin da minti goma ke yi wa mace mai zubar da jini.

Takardar janyewarka ka aika wa hukumar kai tsaye, ba suna ko ɗaya. Su karanta ko su ƙi.

Na karɓi makullin sito yau da safe, ƙofarsa na kallon ta ɗakin haihuwa. Na sa an cire mini ƙyauren gaba ɗaya, na ce zafi ya yi yawa. Daga kujerata ina jin har gado na shida.

A shafa mini kan yara.

Goggonka