Sunan da Bakina Ya Ƙi

Madinat Nasr, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Rahina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata saƙon ta'aziyyarta ya iso, Allah ya bar zumunci.

Na rubuto ne domin a waya kuka yake hana ni magana.

Yaya, kunya nake ji a gidan nan. Tun da yarinyar nan ta rasu matan benenmu suke zuwa mini gaisuwa, duk Misirawa ne. Su zauna su yi ta kuka suna kiran sunanta, ni uwar ina zaune kamar dutse ina cewa alhamdu lillahi. Kin san tarbiyyarmu. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Su ba su san wannan kara ba. Nada, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, wadda take ba ta biskit kullum, ta gaya mini, ba da mugunta ba, wai ana cewa baƙuwar nan ba ta son 'yarta, ko sunan ba ta iya faɗa. Larabcina na cefane ne, bai kai in yi mata bayani ba. Sai na sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sunan yana ko'ina a garin nan. Ubanta Malam ne ya zaɓe shi, sunan furen nan da muke ce wa wardi. Ranar suna ya zaunar da ni yana mini bayani irin nasu na masu karatu. Wai mu daga Larabawa muka samo kalmar, su ma ana cewa daga Farisa ta zo musu. Ya ce kalma ce matafiyiya, duk inda ta sauka sai a riƙe ta, shi ya sa ta dace da yarinyar da aka haifa a baƙunta. Dariya na yi masa. Yanzu mai fure a bakin titi da shi yake talla, mai shago da shi yake gaida mutane da safe, sabahal ward. Kowa yana faɗarsa ban da ni.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zara

Madinat Nasr, Alƙahira

Yaya Rahina,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata jikin Inna da sauƙi, yara kuma suna ta karatu. Na ga amsarki, kin ce in toshe kunne, mu mun san abin da ke zuciyata. Na gode. Amma na yi wani abu, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Ranar Alhamis Malam yana makaranta, sai ga Nada da damin wardi da ganyen dabino. A nan mata suna zuwa maƙabarta ziyara, ba kamar gida ba. Ban nemi izini ba, na zura hijabi na bi ta, muka hau bas.

Maƙabartarsu kamar unguwa take, ɗakuna da ƙofofi, mamatan suna ƙarƙashin ƙasa. Inda ake sa baƙi irinmu na sadaka ne, mutane da yawa a wuri ɗaya. Nada ta tafi neman ruwan da za a yayyafa, ta bar ni da dattijon da ke gadin wurin. Ya tambaye ni sunan wadda na zo wa, don ya nuna mini ƙofarta ya yi mata addu'a. Na tsaya ina kallon ƙofofin. Ya sake tambaya a hankali, yana zaton ban jin Larabci. Wasu mata suka juyo suna kallona. Da ya gaji ya juya zai tafi, na ga zan koma gida ban san inda 'yata take kwance ba.

Sai na faɗa, Yaya. Ban faɗa da natsuwa ba, ihu ne ya fito. Na yi ta kira kamar ta ɓuya a matakala ne abinci yana hucewa. Na zube a ƙasa, hijabina ya zame a gaban namijin da ba muharramina ba. Nada ta dawo ta rungume ni. Furen ma ita ta ajiye, ni ban iya ba.

Malam ya ga ƙura a hijabina, na gaya masa komai. Na zaci faɗa zai yi. Amma sai ya roƙe ni in sake faɗar sunan ya ji, wai bai taɓa jinsa a bakina ba. Na kasa. Na shige kicin na bar shi zaune. Na iya yi wa baƙi ihu da shi, amma na kasa faɗa wa ubanta a hankali. Tun ranar ba mu haɗa ido ba.

Bari in gwada a takarda. Warda. Shekara uku ta yi a duniya tana amsa “ke” da “zo nan”.

Don Allah kar Inna ta ji na je maƙabarta. Amma akwai abin da nake ta tunani. Ke ce 'yar farinta. Kin taɓa jin sunanki a bakinta? Ban ce ki tambaye ta ba, na san ba zai yiwu ba. Sai dai idan kina matsa mata ƙafar nan ku biyu, babu kowa, kika ga ta buɗe baki ta yi shiru, kar ki yi saurin tashi.

Ki gaida Alhaji da yara. Allah ya jiƙan namu da suka rigaye mu.

Ƙanwarki,
Zara